Furosesa Biyu Ko Ɗaya Don Stockfish?

Tambaya: Malam, da Stockfish, wato injin (manhajar) buga ces na kwamfuta, nake nazarin wasannina na ces. In sayi kwamfuta mai furosesa biyu, ko ɗaya ta isa?

Amsa: Ɗan'uwa, ɗaya mai cibiyoyin lissafi 8 ko 16 ta ishe ka. Tawa mai 8 ce, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ninka cibiyoyin ba ya ninka ƙarfin injin, don sukan maimaita binciken juna. Tun 2020 Stockfish ke aiki da NNUE, wani tsarin ƙirƙirarriyar basira da ke auna matsayin wasa, saboda haka ka tabbatar furosesar tana da AVX2, wato fasahar da ke hanzarta irin wannan lissafin. Ka ƙara RAM, ka sa fanka ta kirki, don zafi na rage wa furosesa gudu. In kuwa Leela Chess Zero, wani injin ces na daban, kake so, katin sarrafa hoto (GPU) na kamfanin Nvidia za ka nema.