Ɗingishin tsohon karen tsere ba abin jira ba ne

Ƙanena, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba ta sauƙi. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce karyar da ka ɗauko daga gidan da ke nema wa karnukan da suka daina tsere masu riƙo, irin da Turawa ke kira greyhound, shekararta 9 yanzu, mako biyu ke nan tana ɗingisa ƙafar gaba, cin abincinta ya ragu, abokan aikinka kuma sun ce tsufa ne kawai, ka ba ta maganin ciwon jiki ka ƙyale ta. Kana so ka ji ko ka bi tasu, da abin da ke gabanka.

Kada ka bi tasu. Cikin makon nan ka kai ta wurin likitan dabbobi, ka ce kana so a ɗauki hoton ƙashin ƙafar tun daga kafaɗa har wuyan ƙafa. Ni ba likita ba ne, amma na riƙe irin karnukan nan biyu a nan Manchesta har ƙarshen kwanansu, kuma a kan na farkon jira na yi, irin jiran da ake ba ka shawara ka yi.

Dogo sunansa. Na wani dattijo maƙwabcina ne, da rashin lafiya ta mayar da shi gidan tsofaffi ya roƙe ni in riƙe masa shi. Na karɓa ina ganin ai na san kare, tunda kakana mafarauci ne, na tashi cikin karnukan farauta masu doguwar ƙafa da shafaffen ciki. Duk wanda ya taɓa ganin karnukan Buzaye na yankin Azawak, arewa da Tawa, ya ga siffar nan. Abin da ban lura ba shi ne duk yarintata ban taɓa ganin kare mai furfura a baki ba. Namu ba sa kaiwa. Maciji ne, ko mota, ko cuta, ko daji ya cinye su. Saboda haka na san ƙuruciyar kare, tsufansa kuwa ban san komai a kai ba.

Dogo na da shekara 10 ya fara ɗingishi. Na ce ya buge ne wajen gudu a fili. Na hana shi gudu, ya ɗan miƙe, na ce alhamdu lillahi. Bayan kwana goma ya dawo da shi. Da dare sai in ji yana tashi yana zagaye, ya kwanta ya sake tashi, yana haki alhali ɗakin ba zafi. Bai taɓa yin kuka ba, shi ya yaudare ni. Na ɗauka ciwon da ya kai ciwo sai an ji ihu. Sai da muka yi kusan wata biyu a haka, ran nan da safe ya sauko daga matakala ɗaya tak ta ƙofar baya, ƙashin dantsensa ya karye. Ba faɗuwa ya yi ba, takawa kawai ya yi. Ƙarar da ya yi ranar har yau ba na son tunawa. Hoton da aka ɗauka ya nuna sankarar ƙashi ta riga ta cinye wurin kamar gara ta ci azara. Irin wannan karaya ba ta ɗoruwa. A ranar muka rabu, a gigice, a ɗakin gaggawa, yana cikin azabar da da na kai shi da wuri ba zai sha ta ba.

Ba ina ce maka abin da ke damun taka ke nan ba. Amma ka sani cewa sankarar ƙashi tana cikin manyan abubuwan da ke kashe wannan jinsi, kuma daga shekara 7 zuwa sama ta fi kama su. Tana son wurare sanannu: saman dantse kusa da kafaɗa, ƙasan ƙafar gaba dab da wuyan ƙafa, sai kewayen gwiwar baya. Alamarta ɗingishin da hutu ba ya warkarwa, ko ya tafi ya dawo da ƙarfi, wani lokaci da kumburi mai tauri. Sau da yawa kafin a gano ta ta riga ta aika 'ya'yanta huhu, shi ya sa likita zai so hoton ƙirji ma.

To ga abin da zai ɗan kwantar maka da hankali. Akwai wani ciwo da kusan karnukan nan kaɗai ke yi, wato kanta mai tauri da ke fitowa a tafin yatsa, zagayayya, kamar ƙwayar gero ta shige cikin fata. Tana sa ɗingishi sosai har mutum ya tsorata. Gwada wannan yau: ka yi tafiya da ita a kan kwalta, sannan ka hau da ita kan ciyawa. In ɗingishin ya ragu ƙwarai a ciyawa, jiƙa tafin ƙafar da ruwa ka duba yatsu ɗaya bayan ɗaya, ka matsa kowanne ta gefe da gefe. In ta janye da sauri, mai yiwuwa kantar ce. Ana ƙwaƙule ta, ana sa musu takalmi, akwai ma ƙaramar tiyata da ake yanke jijiyar yatsan. Ga kuma sanyin gaɓoɓi daga tsofaffin raunukan tsere. A filin tsere gefe ɗaya suke kewayawa kullum, hagu, da gudun da ke kai kilomita 70 a awa, saboda haka da wuya ka samu wanda ya fito ba tabo a wuyan ƙafa ko yatsu. Amma ko ka ga kanta, a ɗauki hoton. Ba abin da ya hana cuta biyu haɗuwa a ƙafa ɗaya.

Maganar maganin ciwon jiki kuwa, don Allah kada ka buɗe akwatin maganinka. Ibufurofen da 'yan uwansa suna huda cikin kare, suna lalata ƙoda. Farasitamol ma sai likita ya auna ya ba ka. Suna da nasu, kamar meloksikam, kuma tun 2021 ana samun allurar wata-wata mai suna Librela don sanyin gaɓoɓi. Illar ba da magani kafin bincike ita ce ciwo ya lafa, ka ce ta warke, ita kuma ta ci gaba da taka ƙashin da ke rubewa.

Wani abu da na koya da tsada: ka tambayi likitan kai tsaye ko ya saba da wannan jinsi. Ba raini ba ne. Jininsu daban yake da na sauran karnuka. Jajayen ƙwayoyin jininsu sun fi yawa, shi ya sa ake son su wajen ba da gudummawar jini. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini kuma sun fi ƙaranci. Awon ƙodarsu yakan fito sama kaɗan saboda yawan tsoka, awon maƙoƙo kuma ƙasa, alhali lafiyarsu ƙalau. Wanda bai sani ba sai ya ɗora kare a kan maganin maƙoƙo tsawon rayuwarsa ba dalili. Ba su da kitse, hantarsu kuma tana jinkirin narkar da wasu tsofaffin alluran barci, sai a daɗe ba su farfaɗo ba. Wasunsu kuma bayan tiyata da kwana ɗaya ko biyu sai jini ya ɓalle a ƙarƙashin fata, likitan da ya sani yakan ba da maganin tsayar da jini tun kafin a fara. Tunda hoton ƙashi yakan buƙaci a kwantar da ita, gara ka yi tambayoyin nan tun a waya.

Ta biyun da na riƙe Kurciya ce, mai launin toka. Na ɗauko ta tana da shekara 7, shekarun da mutane ke gudu, kowa ƙarami yake so. Kunnuwanta biyu duk da lambar tawada a ciki, alamar haihuwar Ailan ce, na Ingila kunnen dama kaɗai ake yi wa. Duba na taka, da lambar za ka iya gano ainihin shekarar haihuwarta da tseren da ta yi. Kurciya ta kai 13, kuma a kanta na koyi renon tsoho.

Haƙora suka fara. Ka ce cin abincin taka ya ragu, to ɗaga leɓenta ka duba dasashi. Bakin karnukan tsere yana ruɓewa fiye da na yawancin karnuka. Kurciya sai da aka cire mata haƙora goma sha wani abu a zama ɗaya, na yi ta fargabar yadda za ta ci, ashe ciwon ne ya hana ta. Bayan mako biyu tana cin abinci kamar an sake ta daga kurkuku. Ka riƙa goge mata baki da man goge bakin karnuka, ban da namu, don wasu na mutane suna da sinadarin zaƙi da ke kashe kare.

Sai ƙasa mai santsi. Tsohon kare mai dogayen ƙafafu a kan tayil kamar raƙumi ne a kan taɓo. Na shimfiɗa darduma marar zamewa tun daga makwancinta har ƙofa, uwargida tana ta mita wai gidan ya koma shagon kafet. Na riƙa yanke mata farce akai-akai, don dogon farce yana karkatar da yatsu. Katifa mai kauri wajibi ce, ƙashinsu a waje yake, in sun kwanta a tauri sai gwiwar hannu ta yi gyambo, ga fatar siririya, ƙaya kaɗan sai ɗinki. Lokacin sanyi riga, har da dare. Na san yadda Bahaushe ke ji in ya ga kare da riga, ni ma na yi dariyar kafin in ga tana karkarwa. Tafiya kuma gajeru sau uku sun fi doguwa sau ɗaya. Game da ƙiba, haƙarƙari biyu ko uku na ƙarshe ya kamata a riƙa gani. 'Yan uwa in sun zo za su ce kana horar da ita da yunwa, kada ka saurare su, kowane kilo na ƙari gaɓoɓi ne ke biya. Amma in ƙashin baya da na ƙugu suka fara tsini cikin 'yan makonni, wannan rama ce, a koma asibiti. Ni duk wata shida nake kai ta awo tun da ta wuce 9.

In hoton ya nuna abin da muke tsoro, hanya biyu za a shimfiɗa maka. Ta farko a yanke ƙafar. Yankewa kaɗai tana cire zafin, amma yawanci wata huɗu zuwa biyar ake samu. In an haɗa da maganin sankara, ana kaiwa wata goma zuwa shekara. Karnuka suna tafiya da ƙafa uku fiye da yadda mu muke zato, sai dai ƙafar gaba ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, kuma sai sauran ukun suna da lafiya. Kuɗin dubban fam ne, kuma inshorar da aka yanka bayan ɗingishi ya fara ba za ta biya ba. Ta biyu a danne zafin da magunguna, a ji daɗin makonnin da suka rage, likita ya sallame ta da allurar ƙarshe kafin ƙashin ya karye. Ba wadda take abin kunya a ciki. Wanda ba shi da dubban fam bai ci amana ba. Abin da nake ganin cin amana ne shi ne wanda na yi wa Dogo, a bar dabba da ciwo saboda mai ita ba ya son jin labari.

Kurciya ba sankara ce ta ɗauke ta ba, ƙafafun baya ne suka gaza a hankali. Wannan karon na rataye kalanda a kicin, kowane dare in sa alama, yau rana mai kyau ce ko marar kyau. Ma'aunina abu uku ne da na san tana so: ta tarye ni a ƙofa, ta ci kifin gwangwaninta, ta kwanta rigingine ƙafafu a sama. Da ta bar biyu a ciki, kuma ranaku marasa kyau suka fi yawa, sai na kira likita ya zo gida. Ya fara yi mata allurar barci tana kan katifarta, kanta a cinyata, sannan ya yi ta biyun. Minti kaɗan ne. Ka sani tun yanzu idanu ba sa rufewa, kuma wani lokaci jiki yakan ja dogon numfashi bayan an gama, ba wahala take sha ba. Ni ba wanda ya gaya mini a karon farko. Na yi ta tambayar kaina ko na yi gaggawa da mako guda, amma wannan damuwar ba ta kai rabin ta Dogo ba.

Bayan nan za ka ji abin da ba ka zata ba, kuma ba ka da wanda za ka gaya wa. Na kira gida na ce karyata ta mutu, yayana ya yi shiru, sannan ya ce to madalla, ka huta da sayen nama. Ban ji haushinsa ba, yadda muka tashi ke nan. Amma mu ne dai muke cewa sabo ake yi wa kuka, kuma dabbar da ta shekara shida tana jiran ƙarar makullinka ta shiga cikin sabo. Na yi wata biyu ina tashi ƙarfe shida don fitar da wadda ba ta nan. Masu tambayar hukuncin riƙon kare, wannan na malamai ne, su suka san bambancin mazhabobi a kai. Ni dai na san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma wadda ta riga ta shigo hannunka haƙƙinta yana wuyanka.

Kafin ranar asibiti, kada ta yi gudu, kada ta yi tsalle zuwa cikin mota ko kan kujera, matakala kuma ka tare ta. Fita da igiya kawai, ta yi fitsari ku dawo. Ɗauki bidiyonta tana tafiya a gida, don da yawansu in sun ga likita sai su daure su miƙe kamar ba su ba. In za ka taɓa ƙafar, sa mata takunkuminta na tsere tukuna, mai ciwo yana iya cizon wanda yake so. In kuwa ta daina taka ƙafar gaba ɗaya, ko kumburi ya taso cikin dare, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka nemi asibitin gaggawa. In an ɗauki hoton ka dawo ka gaya mana abin da aka gani.