Kada ku kulle Baba a bayan katanga

Assalamu alaikum. Ɗana, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce mahaifinku ya yi ritaya, kun haɗa kuɗi kun gina masa gida kusa da gonarsa can bayan gari, kun sa masa sola da rijiyar burtsatse, amma yau wata bakwai bai saba da kowa ba, kullum yana ɗaki da rediyo, har ya fara cewa a mayar da shi cikin gari. Kana tambaya ko ku mayar da shi, ko akwai yadda za a yi ya saba da mutanen wurin. Abin nan a kaina ya faru, shi ya sa zan ɗan ja maganar, ka yi haƙuri da ni.

Na fara koyarwa a 1979, na ajiye alli a 2014 da na cika shekara 35 a bakin aiki. A Gwale aka haife ni, a gidan gado, kuma a nan na yi aure na haifi 'ya'yana. Da aka zo rabon gado aka sayar da gidan, sai na ɗauki kasona na kammala ginin wani fili da na daɗe da saye a hanyar Gwarzo, bayan an wuce sabuwar jami'ar Bayero, wajen Janguza, a sauka daga kwalta a yi tafiya mai ɗan nisa cikin gonaki. Awon igiya ne, ba na gwamnati ba. Muka tare a 2016, ni da Hajiya da jika ɗaya. A lokacin in ka tsaya a ƙofar gidana da damina, dawa ce ta ko'ina, sai kangwaye nan da can.

Abin da ban gane ba sai da na sha wuya shi ne, mu 'yan cikin gari ba mu taɓa yin maƙwabci ba, gadonsu muka yi. Mutumin da ke jikin katangarmu a Gwale, kakansa da kakana tare suka yi makarantar allo. Ban taɓa buƙatar in gaya wa wani ko ni wane ne ba. Sai ga ni ina dab da shekara 60, a inda ba wanda ya san ubana, ba wanda na taɓa koyar da ɗansa. Yaro in ka kai shi sabuwar unguwa, kafin la'asar ya yi abokai a filin ƙwallo. Dattijo kuwa ya saba a zo a gaishe shi, sai ya zauna yana jira, su kuma mutanen wurin suna jiran baƙo ya zo ya gabatar da kansa kamar yadda al'ada ta tanada. Ina kyautata zaton a nan Babanku ya tsaya.

Ka kuma duba abin ta idon waɗanda ya tarar. Mutanen ƙauyen da muka zauna kusa da su manoma ne, kuma filin da na gina gida a kai gonar gadon wani ce da aka yanka fuloti-fuloti. Wasu da son ransu suka sayar, wasu talauci ne ya sa, wasu kuma 'yan'uwa ne suka matsa a raba. Mutum yana wucewa kullum ta inda ubansa ya yi huɗa, ya ga doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, mai gidan ya fito a mota gilashi a rufe. Me zai sa ya ƙwanƙwasa? Ni kuwa haka na gina nawa, ba zaure, ba dakali. Da safe in tuƙa mota in tafi tsohuwar majalisarmu, a can nake azahar da la'asar, Juma'a ma a cikin gari. Masallacin da ke kusa da ni, na jar ƙasa mai ɗaukar sahu uku, sai asuba da isha'i suke ganina, ana sallamewa na ɗauki takalmina.

Farkon hulɗata da maƙwabcina na gabas ma rigima ce. Da rani awakinsa suka shigo ta inda ban gama katange bayan gida ba, suka cinye zogale da dashen gwanda da na yi wata uku ina ba ruwa. Raina ya ɓaci, maimakon in je in same shi, sai na kai ƙara wurin mai unguwa. Mai unguwa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, a nan in an gama kawar da amfanin gona sakin dabbobi ake yi. Da damina mai dabba ke ɗaurewa, da rani mai shuka ke shingewa.” Ya ƙara da cewa tun da na zo yau ne ya fara ganina a ƙofar gidansa, kuma da ƙara na zo. Maganar nan ta zauna mini a rai ƙwarai, domin gaskiya ya faɗa. Ashe ba banza ba ake cewa baƙo ko da ido makaho ne.

Damina ta biyu, cikin watan Agusta na 2017, wajen ƙarfe biyu na dare hawan jinin Hajiya ya tashi, ta kasa magana sosai. Ruwa aka wuni ana yi. Na sa ta a mota ni da jikana, ba mu yi nisa da gida ba tayoyin baya suka nutse a taɓo. Na kira 'ya'yana a waya, amma mafi kusa yana Kabuga, kuma ko ya zo motarsa ba za ta shigo ba. Ina tsaye cikin ruwa da fitilar waya, sai na ga haske yana tahowa daga gabas. Mutumin nan ne mai awaki, ƙarar inji ya ji. Bai tambaye ni komai ba, ya leƙa ya ga Hajiya, ya juya da gudu. Can sai ga shi da shanun huɗarsa biyu da igiya, da 'ya'yansa samari uku, matarsa na biye da su da bargo a ka. Suka ɗaura igiyar a gaban mota, shanu na ja, samari na turi, taɓo har gwiwa, sai da suka kai mu bakin kwalta. Matar ta shiga baya ta rungume Hajiya, ita ce ta kwana da ita a asibitin Murtala har 'ya'yanmu mata suka iso da safe. A daren nan ko sunan matar ban sani ba, shekara guda muna katanga ɗaya.

Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ni kuma na koma na yi abin da ya kamata in yi tun ranar da na sauke kaya. Na sayi goro, na je gidan mai unguwa, na je gidan liman, na bi dattawan wurin ɗaya bayan ɗaya na zauna a tabarmarsu, na faɗi sunana da na mahaifina da unguwar da na fito. Na daina gudu bayan sallama, nakan zauna har a gama lazimi a taɓa hira. Abin da ya fi komai buɗe mini ƙofa kuwa jana'iza ce. Da aka yi rasuwa a ƙauyen na bi su har maƙabarta, na kama makara, na yi kwana uku ina zaman makoki tare da su. Daga ranar aka daina ce mini mai sabon gida, aka koma Malam.

Yanzu bari in zo kan abin da ku 'ya'ya kuke yi da kyakkyawar niyya. Kun ba Baba ruwa, kun ba shi wuta, ina jin kuna aiko masa da cefane daga gari, wataƙila har da yaron da zai yi masa aike. Allah Ya yi muku albarka. Amma kun toshe duk wata kafa da za ta sa ya nemi wani, ko wani ya neme shi. A ƙauye zumunci a kan buƙata yake tsayuwa: aron gatari, aron tsani, ɗiban wuta, tambayar wane irin wake ne ya dace da ƙasar nan. Ni da na sa aka fito da famfo ɗaya waje ta jikin katanga, na gina dakali kusa da shi a ƙarƙashin darbejiya, cikin mako guda na san yaran unguwar kaf, ta bakinsu na san iyayensu. Kuɗin abin bai kai na buhun siminti biyar ba a lokacin. Na kuma koyi tambaya. Shekara 35 ina gaban allo ana tambayata, sai ga ni a gona ina tambayar mai awakin nan yaushe ake zuba taki, yaya ake gane ƙasa ta sha ruwan shuka. Mutum in ka tambaye shi abin da ya sani, ka girmama shi fiye da in ka ba shi kuɗi. Su ma suka fara kawo mini nasu: saƙon banki a waya, takardar asibiti, fom na makarantar yara. Ka duba abin da Babanku ya iya, ko lissafi ne, ko karatun Alƙur'ani, ko sanin hanyar ofisoshi, a bar shi ya yi wa mutane amfani da shi.

Ba ka ambaci mahaifiyarku ba. In tana tare da shi, to ku duba ta fiye da shi, domin kaɗaicin mace a irin wurin nan ya fi tsanani. Namiji yana da masallaci sau biyar a rana, ita kuwa tana iya yin mako ba ta ga fuskar wata mace ba, ga shi ta baro gidajen da take shiga barka da suna da biki shekara da shekaru. Hajiya da kwano ta fara. In ta yi dambu ko alale sai ta zuba ta ba jikanmu ya miƙa maƙwabta, kwanon kuma ba ya dawowa haka nan, sai da fura ko ɗanyar kuɓewa ko ƙwan zabi. Abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Abu Zarri ke nan a hadisin Muslim, cewa in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabtansa. Daga baya ta shiga Islamiyyar matan aure ta ranar Asabar da Lahadi, ta shiga adashinsu, ba don tana buƙatar kuɗin ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ba kowane mai yawan gaisuwa ne na kirki ba. Dattijon da ya fito daga gari ana ɗaukarsa mai kuɗi ne ko da fansho kawai yake jira. Akwai wanda ya riƙa zuwa kullum yana share mini ƙofar gida, ya ranci kuɗi sau biyu, na uku da na ce babu ban sake ganinsa ba. Akwai dillalan filaye masu zaƙin baki da za su nuna masa gona ɗaya da aka sayar wa mutum uku. Ku gaya masa kada ya sa hannu a takardar fili ko ya tsaya wa wani lamuni sai ya shawarci mai unguwa da ɗaya daga cikinku. Rance kuma ya ba da abin da in bai dawo ba ba zai hana shi barci ba.

Amfanin wannan sabon ya ƙara fito mini fili a 2020, da aka kulle Kano saboda korona, 'ya'yana suka kasa zuwa. Gero da itace da madara duk daga maƙwabta muka samu. Tun kuma da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa cikin gari ya zama sai da dalili, abokaina na Gwale ma da dama sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage gwiwa ba ta barin su fita. Ko kun mayar da Baba, ba lallai ya tarar da majalisar da yake kewa ba.

Shekarun baya wani magidanci ya zo da iyalinsa daga Zamfara, 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, mai wani kango ya ba su su zauna suna yi masa gadi. Mutane suka riƙa ɗari-ɗari da shi, ana tsoron masu kai wa ɓarayi rahoto, kuma tsoron ba na banza ba ne a wannan zamani. Na lura yana sallah a ƙarshen sahu, ana sallamewa ya fice, kamar yadda nake yi a da. Na bi shi na yi masa sallama, na ji labarinsa, washegari na raka shi gidan mai unguwa ya faɗi garinsu da dagacinsu da wanda ya san shi a Kano, aka bincika aka tabbatar. Yau shi ke kula da gonata, kuma shi ne ladaninmu na asuba.

Akwai halin da zan ce ku mayar da shi ba tare da jinkiri ba: in yana da ciwon da ke buƙatar asibiti kusa, ko babu masallaci da gidajen mutane da zai iya takawa da ƙafarsa. Ku kuma kai shi a duba kunnensa da idonsa, domin na san dattijon da ya daina zama cikin mutane don ba ya jin abin da ake faɗa, yana jin nauyin cewa a maimaita. In kuma ya daina cin abinci, ba ya barci, ba ya son ko zuwa gonar da yake ƙauna, wannan maganar likita ce, kada a tsaya ana cewa rashin sabo ne.

In ba ɗaya daga cikin waɗannan, ku ba shi damina ɗaya tukuna. Juma'ar nan ka je da goro, ku yi sallah a masallacin wurin, ka raka shi gidan mai unguwa da na liman, amma in an zauna ka ja baya ka bar shi ya yi magana da bakinsa. Kafin ka dawo ka nemi magini a cikin mutanen ƙauyen, ba daga gari ba, ya fito da famfon waje ya yi dakalin, Baba ya tsaya a kan aikin da kansa. Ka gaishe mini da shi, Allah Ya ƙara masa lafiya.