Amsa ga 'yar'uwar da ba ta jin murnar Kirsimeti a bana

Ƙanwata, kin tambaya ko laifi ne Kirista ya shiga bikin Kirsimeti da zuciya a jagule, tunda maigidanki ya rasa aiki kuma ba ku ɗinka wa yara ko riga ɗaya ba. Ba laifi ba ne, kuma ni ma na taɓa tsayawa inda kike tsaye.

Shekarar da maigidana ya rasu a watan Nuwamba, bikin ya same mu da tuwon masara da miyar kuka, autata kuwa ta tafi sujada da takalmin yayarta, wanda muka cusa wa tsumma don kada ya fice mata. Fasto ya karanta Luka sura 2 ya tsaya a aya ta 20, amma da dare, da barci ya ƙi zuwa, sai na ci gaba daga inda ya tsaya. A aya ta 24 na ga cewa hadayar Yusufu da Maryamu a Haikali ita ce kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya keɓe wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Ashe gidan talakawa ne farin cikin ya fara sauka. A Haikalin nan kuma dattijo Saminu, bayan ya sa musu albarka, ya gaya wa Maryamu cewa takobi zai soki zuciyarta.

Tun daga daren na fahimci cewa farin ciki mai yawa da mala'ika ya yi wa makiyaya albishirinsa yana rataye ne da dalili guda, wato an haifi Mai Ceto, ba da abin da ke cikin tukunya ba. Makiyayan nan ga garkensu suka koma, babu abin da ya ƙaru a hannunsu, amma suna yabon Allah. Bulus ma daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa su yi farin ciki cikin Ubangiji kullum. Ban daina kuka a lokacin ba, sai dai kukan ya daina zama na wadda aka yashe.

Don Allah kada ki ci bashi saboda atamfa, domin Janairu na tafe da kuɗin makaranta. Ki sanar da uwar Zumuntar Mata halin da kuke ciki ba tare da jin kunya ba, ki wanke wa yara kayan da suke da su, ku tafi sujada tare da maigidanki.