Amsa: Kwamfuta 486 mai manta lokaci

Malam ka ce 486 ɗinka (tsohuwar kwamfuta mai amfani da firosesar Intel 486) duk sanda ka kunna sai ta manta kwanan wata, wani lokacin ma bata ganin faifan ajiya, to ai batirin CMOS ne (ƙaramin batirin da ke kan bod, wato babban allon lantarki na cikin kwamfutar) ya mutu ba DOS (manhajar da ke tafiyar da kwamfutar) bane matsalar. Batirin ne yake riƙe saitin BIOS (manhajar da ke fara tada kwamfutar in an kunna) in an kashe wuta. In irin mai kama da kwabo ne, CR2032, kawai sauya shi. Amma yawancin bod ɗin wancan zamanin batir mai kamar ƙaramar ganga aka like musu da dalma, kuma yoyo yake yana cinye layukan bod ɗin, wallahi cire shi yau ɗin nan, ka goge koren dattin da binega. Sai ka shiga BIOS ka sake sa lambobin da ke bayyana girma da tsarin faifan ajiyar, suna rubuce a jikin faifan.