Karya ta haihu a bayan katangarmu, halal ne in ba ta abinci?

Tambaya: Assalamu alaikum Allah gafarta Malam, ni daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake. Wata karya ce masu ita suka tashi suka barta, tazo da tsohon ciki ta haihu a gindin katangarmu ta waje, duk ta rame haƙarƙari a fili, ina ɗan zuba mata ragowar asida (tuwonmu na Sudan) da kisra (gurasar dawa mai faifai) sai surukata tace haramun nake yi, ladana na raguwa kullum kuma na kori mala'iku daga gidan. Dan Allah in daina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa kar ki daina, abin da kike yi halal ne kuma akwai lada in sha Allahu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi Allah ya gafarta masa, sahabbai suka ce ya Rasulallah har dabbobi ma muna da lada a kansu? yace a duk mai hanta ɗanya akwai lada. Haka karuwar nan ta Bani Isra'ila aka gafarta mata saboda kare ɗaya, toh ina ga wadda rayukan 'ya'yanta ke rataye a nononta, in ta mutu duk sun bi ta. Waƙidi malamin tarihi ma ya kawo cewa a hanyar fathu Makka shekara ta 8 bayan hijira Annabi (SAW) ya ga karya tana shayar da 'ya'yanta, ya sa Ju'ailu ɗan Suraƙa ya tsaya kusa da ita kar rundunar ta taɓa su, malaman hadisi ba sa kafa hukunci da ruwayar Waƙidi shi ya sa ban dogara da ita ba, waɗancan sun ishe mu.

Maganar Hajiya surukarki kuwa tana da asali, kar ki yi mata gardama da ɗaga murya. Hadisin raguwar lada ƙiraɗi (wani ma'auni na lada) ɗaya kullum, a ruwayar Ibn Umar biyu, ingantacce ne amma yana kan wanda ya ajiye kare ya mallake shi ba don farauta ko gadin dabbobi ko gona ba. Ke ba ki ajiye ta ba, ita tazo, kuma tana wajen katanga ba cikin gida ba balle a ce mala'ikun rahama sun ƙi shiga. Ko ajiyewar ma mai Risala, wato Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya hana a gidajen gari, amma masu sharhi sun kawo shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangarsa ta faɗi yana jin tsoro, kuma malamai da yawa sun halatta don gadi in akwai buƙata, mu da muke cikin wannan hali na yaƙi tun Afrilun 2023 mun san mene ne tsoron dare. A mazhabar Malikiyya da muke kai kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke sau bakwai, don haka ki ware mata wani tsohon kwano kar ya koma madafa.

Sharaɗi ɗaya, mutum yana gaba. In akwai yaro ko maƙwabci ko ɗan gudun hijira da bai ci ba, shi za a fara ba, ita ta samu ƙanzo da ragowa. Likitocin dabbobi suna cewa cikin karya wajen kwana 63 ne, in tana shayarwa musamman sati na uku da na huɗu tana buƙatar abinci ninki biyu zuwa uku, ruwa kuma kar ya yanke mata da wannan zafin. Asida zalla ba za ta riƙe ta ba, in an samu ɗan kayan ciki dafaffe ko ƙwai a haɗa, amma miya mai albasa da tafarnuwa da yawa tana lalata musu jini, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya yanke hanji.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Karya mai jego tana cizo in an kusanci 'ya'yanta, kuma ciwon haukan kare yana nan a Sudan, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya a tashi. Ki ajiye abincin nesa kaɗan ki janye, ki hana yara ɗaukar 'yan kwikwiyon, in tsautsayi ya sa ta ciji wani ko ta yakushe shi a wanke wajen da ruwa da sabulu minti 15 a tafi asibiti ranar a yi allura, kar a tsaya jiran gani. In sun kai sati shida zuwa takwas sun daina shan nono ki nemi manoma ko masu kiwo da ke son karen gadi ki ba su. Wallahu a'alam.