Amsa: Ki gina labarin kan fataucin Gwanja

'Yar'uwa, kin tambayi tsohuwar al'adar da za ki ɗora labarin soyayyarki na zamanin da a kai. Ni dai da fataucin goro zan ba ki shawara, don labarin gidan sarauta an gaji da shi.

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, ayari kan tashi zuwa Gwanja, wato yankin Salaga a arewacin Ghana ta yau. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da zango. Ana ɗora wa jakai kanwa, fatu da rinannun tufafi, a komo da goro. Shi kuwa goro ba ya son sake: sai an riƙa kwance huhu a hanya, a tsince ruɓaɓɓe, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ganye. Tafiyar kan ci watanni, wani ma sai shekara ta zagayo.

To, ki sa saurayin ya bi ayari neman abin sadaki bayan an yi baiko. Babu wasiƙa, sai saƙon baka daga bakin fataken da suka riga shi dawowa, shi ma rabi gaskiya rabi ƙari. A gida kuma ga wani attajiri yana ta aiko da toshi, yarinya ta daina fita gaɗa a dandali, gwaggo na ta zuga uba.

Ki kiyaye abu biyu: kuɗin lokacin wuri ne, ba sule ba, kuma jirgin ƙasa bai iso Kano ba tukuna.