Filin Mai Hoto: Wannan Makon Na Masu Tambaya Kan Diron Ne

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na saka hoton dutsen Mbula na Dass da na ɗauko ta sama a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa a kan diron, wato ɗan ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai kyamara, har wasu suna cewa in sayar musu da nawa. Na tsinci guda biyar, sauran sai wani makon in Allah ya kai mu.

TAMBAYA daga wani matashi, Yelwan Tudu, Bauchi: Oga barka da aiki. Ni kam sha'awa ce kawai ba sana'a zan yi ba, inaso in rinƙa ɗaukar gari da duwatsu ina sakawa a TikTok. Na ga wani diron a intanet an rubuta 8K a kwalinsa kuma kuɗinsa bai kai na ƙaramar waya ba, sannan akwai DJI Mini 2 na hannu da wani ya min talla. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Ƙanina, wancan mai 8K ɗin (wato wai hotonsa ya fi na 4K fitowa tar) ka bar shi, araha ba ta ado. Irinsu yawanci ba su da GPS, ma'ana in ka saki rimot ba zai tsaya cak a sama ba, iska ce za ta yi ta tafiya da shi har sai ya samu bishiyar maina ya maƙale, kuma ba su da gimbal, wato mariƙin nan da yake riƙe kyamara ta tsaya daram ko da jirgin yana rawa. In babu gimbal bidiyon zai fito kamar wanda aka ɗauka a bayan mashin a hanyar ƙauye. Abu biyun nan su ne diron, rubutun kwali kuwa kowa ma zai iya bugawa.

Mini 2 kam jirgi ne na gaske. DJI na ƙasar Sin ne suka fitar da shi a 2020, nauyinsa bai kai giram 250 ba, yana ɗaukar 4K, kamfanin ya ce batir ɗaya yana minti 31 amma a aikace ka lissafa minti ashirin da 'yan kai, don ba za ka bari ya ƙare ƙurmus a sama ba. In kana son sabo dal akwai Mini 4K da ya fito a 2024 a kan dala 299, kusan jikinsu ɗaya. Dukansu ba sa ganin abin da ke gabansu fa, in ka tura shi bango zai je bango. Mini 4 Pro na 2023 shi ne mai ganin kowane ɓangare, shi kuma kuɗinsa ya ninka wancan har da ɗoriya.

Toh na hannu sai an buɗe ido. Kar ka biya sai an tashe shi a gabanka ya tsaya wuri ɗaya na minti biyu uku kana kallo, in yana sulalewa gefe ko hoton yana karkacewa akwai magana. Ka ciro batirin ka ɗora a tebur, in ya kumbura ko kaɗan ba ka so. A cikin DJI Fly, manhajar waya da ake tashinsa da ita, ana ganin sau nawa aka yi cajin kowane batir, ka duba da idonka kar a faɗa maka da baki. Ka haska fitilar waya a hannuwansa wajen da farfela take, nan ne tsagewa take ɓuya in ya taɓa faɗuwa. Sai babban, wanda ni ya taɓa ci na: na sayi wani a hannun wani mai shago, lafiya lau yake tashi, ashe yana ɗaure da akawun ɗin mai shi na farko, ina zuwa gida na sa nawa akawun abu ya ƙi, sai da na yi kusan wata biyu ina bibiya kafin aka samo mutumin ya cire. Ka sa a cire shi daga akawun ɗinsu a gabanka ka saka naka, sannan kuɗi ya fita daga aljihunka. Kuma ka ware na batir na biyu da memori mai sauri, wanda aka rubuta U3 ko V30 a jikinsa.

TAMBAYA daga wata 'yar'uwa, Tumfure, Gombe: Yayana ya aiko min da Mini 3 amma na duba Play Store ban ga manhajar ba, ko wayata ce?

AMSA: Ba wayarki ba ce 'yar'uwa, DJI Fly ba ta Play Store, masu Android daga shafin kamfanin suke saukewa kai tsaye, masu iPhone ne suke samu a App Store. Sai dai ƙananan wayoyi da yawa ba sa iya ɗaukarta, in kin sauke tana fita da kanta toh ki ari waya mai ƙarfi ki gwada. Ranar farko ki je fili fetal inda ba mutane ba wayar wuta, ki yi ta tashi da sauka kawai har hannunki ya saba.

TAMBAYA daga wani mai ɗaukar hoton biki, Jekadafari, Gombe: Malam wai gaskiya ne sai da lasin ake tashin diron? An ce in bai kai giram 250 ba babu ruwan kowa. Kuma ina da niyyar ɗaukar hawan sallah da shi bana.

AMSA: Abokin aiki, wannan maganar giram 250 ɗin daga dokokin su Amurka aka jiyo ta, a can ƙasa da wannan nauyin mai sha'awa ba ya buƙatar rajista, shi ya sa ma DJI suke tsayar da Mini a 249. Kar ka ɗauka ta wanke ka a nan, soja ko ɗan sanda in ya ga abu yana shawagi a kansa ba sikeli zai ɗauko ba. A Najeriya tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA ta ce ba a tashin diron sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, shigo da shi ƙasar ma ofishin nan ne yake ba da takarda, shi ya sa kake jin kwastan sun riƙe na mutane a filin jirgi. Kuma a farkon 2025 rundunar soja ta Hadin Kai ta sanar da hana tashinsa a yankin da take aiki a arewa maso gabas, saboda 'yan ta'adda sun fara amfani da shi. Mu nan Gombe mun yi iyaka da Borno da Yobe da Adamawa, kaga in aka kira ka biki a Biu ko Potiskum ka bar shi a gida kawai. In sana'a za ka yi da shi ka bi ta NCAA ka yi abinka a kan ƙa'ida.

Ƙa'idar tashi kuma sananniya ce, kar ka wuce ƙafa 400, kusan mita 120 kenan, kuma kar ya ɓace wa idonka. Filin jirgin Lawanti, na Bauchi da ke Durum, barikin Shadawanka, gidan gwamnati, gidan yari, duk ka yi nesa da su ko da hanya ce ta biyo da kai.

Hawan sallah kuwa ina roƙonka kar ka tashe shi don ra'ayin kanka. Doki ba ya son ƙarar nan, kuma dokin da ya firgita a tsakiyar dubban mutane da yara ba a san inda zai tsaya ba, ga shi jirgin da kansa in ya faɗo farfelarsa tana yanka. Ka je fada tun da wuri ka nemi izini wajen masu shirya hawan, in sun ba ka ka tsaya can sama ta gefe, ba a kan dawaki ba ba a kan jama'a ba.

TAMBAYA daga wani ɗalibi, Gwallameji: Batirina biyu sun kumbura cikin wata shida, kuma sau ɗaya jirgin ya kusa ƙin dawowa. Me nake yi ba daidai ba?

AMSA: Zafi ne ɗan'uwa, ina kyautata zaton kana barinsu a mota ko kana sa su caji da zarar sun sauko da zafinsu. Ƙananan jiragen nan iyakarsu digiri 40, mu kuwa a Maris da Afrilu rana tana kai mu can. Ka bari batir ya huce kafin caji, kar ka yi caji da ƙaramin janareta mai wasa da wuta, in za ka ajiye shi kwanaki ka bar shi wajen rabi ko sama kaɗan. Wanda ya kumbura an gama da shi, yana iya kamawa da wuta, kar ka kwana da shi a ɗaki.

Ƙin dawowa kuma iska ce. Ta ƙasa ba ita ce ta sama ba, Mini abin da yake iya jurewa bai wuce mita goma da 'yan kai a daƙiƙa ba. In za ka tafi ka tafi kana fuskantar iska, sai ta turo maka shi gida lokacin da batir ya yi ƙasa, in ka bi ta da farko zai tafi a guje kana murna, dawowar ce za ta gagara. Kar ka tashi sai manhajar ta nuna ta kama GPS ta riƙe wajen tashi, kuma ka saita tsayin da yake bi in zai dawo da kansa ya fi ƙarfen sabis mafi tsawo a wajen. Lokacin hunturu ka shimfiɗa kwali ko tabarma ka tashi a kai don ƙura tana shiga moto da gimbal, hoton ma hazo ne zai cinye shi. Ni kam lokacin da na fi so ƙarshen damina ne, Satumba zuwa Oktoba, da sassafe ko la'asar sakaliya, ka je wajen dam ɗin Gubi ka ga yadda inuwar duwatsu take kwanciya a kan kore. Ka rinƙa ɗaga kai kuma, shirwa tana kawo masa bara.

TAMBAYA daga wani dattijo, Unguwar Jahun, Bauchi: Ɗana ne ya rubuta min wannan. An yi biki a layinmu, wani abu ya zo yana ƙara kamar zuma ya tsaya a saman gidana, iyalina suna tsakar gida. Aka ce na mai hoto ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, yara suna cewa in ya dawo za su harbo shi da danƙo. Shin yana ganin cikin gida?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, Allah ya huci zuciyarku. Gaskiya zan faɗa muku, yana gani, kuma tar yake gani. Kuna da gaskiya ku ji haushi.

Wannan tambayar ta fi duk sauran taɓa ni, don gidajenmu ba irin na Turawa ba ne da komai yake ƙarƙashin rufi. Mu katanga da zaure ne sirrinmu, rayuwar gida a tsakar gida take, a nan ake girki da wanki da kitso, a gidaje da yawa makewayi ma ba rufi. Baƙo namiji ba ya wuce zaure sai da izini, toh diron ta sama yake shiga ba sallama. Farkon fara aikina na taɓa tashinsa a wata unguwa don in ɗauko ƙofar gidan biki, ina juya kyamara sai ga tsakar gidan maƙwabta a fuskar wayata, wata baiwar Allah a durƙushe tana wanke yaro a baho ko ɗankwali babu a kanta, ta ɗago ta kare ido da hannu tana neman inda ƙarar take. Jikina ya yi sanyi wallahi, nan take na sauko da shi na goge, kuma daga ranar a cikin unguwa ba na wuce tsayin katanga, in ana son hoton sama sai a filin taro ko wajen gari. Masu hoto 'yan'uwana ku ji wannan, kuɗin ango ba su sayi gidan maƙwabcinsa ba.

Amma Baba ku hana yaran harbi, in ya faɗo a kan wani yaron ko batirin ya fashe ya kama wuta sai magana ta juye kanku. Mai tuƙin ba ya nisa, yawanci yana nan bakin layi da rimot a hannu. Ku aika a kira shi tare da mai bikin, a gaban mai unguwa ya buɗe abin da ya ɗauka ku gani, duk inda gidanku ya fito a goge, a memorin jirgin da kuma cikin wayarsa, don manhajar tana ajiye nata kwafin daban. In ya yi gardama sai ku kai maganar ofishin 'yan sanda.